Gawayin Ƙasa da Ruwan Wankana

Mahaifina ya ƙarar da ƙarfinsa a arewa, can wajen Agadas, a tashar wutar lantarki mai cin gawayin ƙasa. Santaral yake ce mata, mu ma muka ɗauka. Sau ɗaya yake zuwa gida a shekara, idan an ba shi konje, wato hutun aiki, ya sauka daga mota a Magariya, ya hau amalanke zuwa ƙauyenmu da ke gefen Yekuwa. Ni ce 'yarsa ta fari, saboda haka ba ya kiran sunana, ba ya kuma yi mini doguwar magana. Duk abin da na sani game da aikinsa daga bayan zana na ji shi, lokacin da yake ba maza labari a ƙofar gida.

Labarin ɗaya ne kullum, shi kuwa ba ya gajiya da shi. Zai fara da ramin da ake haƙo gawayin, wanda ya ce ƙauyenmu zai shige ciki har da gonakin bayan gari. Daga nan sai manyan kamyo, motocin da ke jigilarsa, sai tapi, wato doguwar shimfiɗar roba mai tafiya da kanta, tana ɗaukar gawayin zuwa sama. Idan ya zo kan tukwane biyu na ƙarfe da ake tafasa ruwa a ciki, sai ya miƙe tsaye, don a zaune hannunsa ba ya isa ya nuna tsawonsu. Tururin ruwan ne ke juya inji, injin ya haifi kuran, wato wutar lantarki, kuran ya bi waya ya tafi. A nan yake tsayawa ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya, ya ga ko sun gane.

Yana da wani taubashi, ɗan gwaggonsa, tsoho mai bakin tsiya, wanda bai taɓa barin labarin ya wuce lafiya ba.

"To wai ita santaral ɗin ta wace ce?"

Baba ya ce kaso mafi girma na gwamnati ne, kamfanonin haƙar ma'adinai suna da nasu, gwamnati kuwa ai mu ne.

"Ashe ina da santaral ban sani ba! To don Allah in ka koma a ɗebo mini rabona a ƙwarya, ɗakina duhu."

Sai a kwashe da dariya. Baba ba ya dariyar. Zai gyara zama ya yi bayani tsakaninsa da Allah, cewa ƙarfin tashar iyakarsa wuraren haƙar ma'adinai da garuruwan arewa, wayarta ba ta iso kudu ba, wutar Magariya ma daga ƙetaren iyaka take zuwa. Gaskiya yake faɗa, amma ba wanda ya tambaye shi gaskiya. Ƙauyenmu har yau ba sandar lantarki ko ɗaya, sai masu ɗan faranti na hasken rana a kan rufi, inda ake cajin salula.

Shekarar da ya aje aiki ya dawo gida gaba ɗaya, ina da cikin fari. Ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Magariya, mijina kuma yana da shagon kayan moto, wato babur, a can, amma iyayensa manoma ne a wani ƙauye, tafiyar 'yan sa'o'i daga namu in da amalanke ne. Da cikin ya tsufa aka maido ni gida, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. A wajenmu mai jego tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, itacen wankan kuwa a wuyan miji yake. Shi zai kawo shi gidan surukai tun kafin a haihu, a jibge a tsakar gida kowa ya gani. Abin ba ƙarami ba ne, don itace ya yi wuya a ƙasarmu. Gawon da ke gonaki ba a saransa, in ka taɓa shi kai da ma'aikatan gandun daji. Girkin yau da kullum da kara muke yi da kashin shanu, su kuwa ba sa tafasa ruwa cikin rabin tano, wato gangar ƙarfe, sau biyu a yini.

Baba bai dawo hannu rabbana ba. Bayan zuwansa da 'yan kwanaki wani direba ya sauke masa buhuna a bakin hanya, aka yi ta jigilarsu da amalanke har suka cika rabin zaure. Gawayin ƙasa ne, irin wanda ake gasawa a sayar don girki. Ya kwance buhu ɗaya ya nuna wa Inna, mahaifiyata. Baƙi ne ƙirin, mai nauyi, in ka buga biyu sai ka ji ƙarar dutse. Ya ce mai sayarwar ya so ya haɗa masa da wani murhun ƙarfe da ake yi dominsa, shi kuwa ya yi masa dariya, ya ce wanda ya tsufa a cikin gawayin nan ba yaro ne zai koya masa murhu ba. Inna ta juya guda ɗaya a hannunta, ta mayar cikin buhu, ta goge hannun a zane. 

Ranar wata Juma'a mijina ya zo a kan moto. Ya tarar da Baba a ƙofar gida cikin mutane, har da taubashin nan. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaida su, sannan ya ce mahaifinsa ya aiko shi, an gama haɗa itacen wanka, ranar kasuwa za a kawo.

"A bar itacen nan," in ji Baba. "Ka gaya wa mahaifinka na gode, amma na ɗauke muku. Abin da ke cikin zauren nan, buhu ɗaya ya fi amalanken itace. Wutar da ke haska gari guda ce za ta kasa tafasa ruwan wanka?"

Mijina ya sunkuyar da kai. Ba a jayayya da suruki, balle a gaban jama'a. Ya ce, "To, Baba. Allah ya saka da alheri." Ni ina ciki ina jin su. In faɗi gaskiya, na ji daɗi a ranar. Mutumin da ba ya ko kallon inda nake ya ɗauko kaya tun daga Agadas domina, kuma ya faɗa da bakinsa a bainar jama'a.

Na haihu a tsakiyar damina, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba. A likitar Yekuwa, wato asibitin garin, na sauka, 'ya mace, lafiya lau, kashegari aka maido mu gida. Gwaggo, yayar Baba, ita ce mai yi mini wanka. Gajeruwa ce, ba ta da haƙoran gaba, kuma ita kaɗai ce a duniya ke iya ɗaga masa murya. Ta sa aka girka rabin tano a kan duwatsu uku a ƙarƙashin rumfa, aka cika shi da ruwa, ta yanko ganyen darbejiya ta aje, sannan ta ce a kira mai gawayi.

Baba ya zo da kansa, ya naɗe hannun riga. Ya zuba gawayin tsakanin duwatsun, ya tsiyaya masa kananzir, ya ƙyasta ashana. Wuta ta tashi bal-bal, mata suka ja da baya, har wata ta yi guɗa. Kananzir ya cinye, wutar ta mutu, gawayin yana nan baƙi kamar yadda aka zuba shi. Ya ƙara kananzir, haka. Ya sa kara a ƙasa ya ɗora gawayin bisa, karan ya ƙone ya bar toka, gawayin ya danne tokar ya zauna. Ya karɓi mafici ya yi ta fifita har gumi ya jiƙe masa riga. Abin da ya samu shi ne wani hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ya shigo har ɗakin da nake ya sa jaririya tari.

Gwaggo ta tsoma gwiwar hannu a ruwan, ta fitar.

"Wannan ko wanke kwano ba zai yi ba."

Ran nan da guntayen kara da maƙwabta suka taimaka da su aka ɗumama ruwan. Gwaggo ta yi mini wankan tana tsaki tun daga farko har ƙarshe.

Ni na yi lakwal, kuma majo, shugaban likitar Yekuwa, ya sha gaya mana cewa zafin ruwan da tsofaffi ke so ya wuce kima, yana ma iya cutar da mace. Ban yi imani cewa rashin tafasasshen ruwa zai kashe ni ba. Amma Inna ta yi imani, Gwaggo ma haka, da duk matar da ta shigo barka. A wajensu mai jegon da ba ta gasu ba sanyi ya shige ta ke nan, za ta kumbura, ko ta yi ta ciwo har tsufa. Kowace ta shigo sai ta leƙa ƙarƙashin rumfa kafin ta leƙa jaririya. Kafin azahar duk ƙauyen ya san 'yar gidan mai santaral da ruwan ɗumi take wanka.

Kashegari Baba ya je wajen maƙerin gari ya aro zugazugi. Wannan karon abin ya ɗan yi alama. Muddin yana zuga, gefe ɗaya na gawayin yana yin ja, har ya kira Inna ta zo ta gani. Da ya saki hannu ya huta, jan ya dushe. Tsoho ne, ƙirjinsa ma ba lafiyayye ba, ba zai iya zuga rabin tano har ya tafasa ba, balle safe da yamma. Maƙerin kuma ya aiko a maido masa kayansa, damina ce, hauyoyin mutane suna jiransa.

Ɗakin da nake yana kallon rumfar, ƙofar kuwa labule ne kawai, shi ya sa na ji abin da ya wuce tsakaninsa da Inna bayan an tafi da zugazugin. Yana zaune a kan turmi yana haki.

"Malam," in ji ta, a hankali, "wai can yaya kuke kunna shi?"

Ya ce can ai ba haka ba ne. Akwai injin da ke farfasa shi, akwai fankoki kowace ta kai girman ɗaki, su ke hura iska ta ƙasa. Da mai ake tada wutar, in ta kama kuma sai ta yi watanni ba ta mutu ba.

"To wa ke tadawa?"

"Akwai masu wannan aikin."

"Kai fa?"

 Ya ce shi a kan tapi yake. Aikinsa ya tsaya ya lura kada ya cushe, in ya ga dutse ko ƙarfe ya cire, in gawayi ya zube ya kwashe da shebur ya mayar. Wutar kanta ta wata 'yar taga ake hangenta, shi ma sai in ya bi ta wurin.

Wallahi sai da na tashi zaune. Shekarun nan duka, hannunsa da fuskarsa da majinarsa baƙi ƙirin da gawayin nan, ashe bai taɓa kunna ko ƙwaya ɗaya ba. Ba ƙarya ya yi wa kowa ba. Ya ga abin yana wucewa ta gabansa kullum, ya san inda za shi, ya san abin da yake zama, sai ya ɗauka ya san shi. Haushi ya kama ni, ba na ɓoyewa, don ni ce ke kwance da ɗanyen jiki. Tausayinsa ma ya kama ni, su biyun a lokaci ɗaya.

 Inna ta ce dai, "To yanzu yaya za a yi?"

Maganin a fili yake, kowa ya san shi: a aika gidan surukai a ce su kawo itace. Amma shi ne ya ce a bari, a gaban maza, da bakinsa. Uban mace ya koma wajen dangin miji yana neman abin da ya mayar musu, wannan a wajenmu abin faɗe ne har jikoki. Sai ya ce murhun ƙarfen nan ne matsalar, zai sa a nemo shi. Ya buga salula Magariya, aka zaga kasuwa ba a samu ba. Ya buga Damagaram wajen wani da suka yi aiki tare, mutumin ya ce zai duba, in ya samu zai ba mota. Daga nan duk wanda ya tambaye shi sai ya ce murhu yana hanya.

Murhu yana hanya, mu kuwa muna bara. Inna ta bi gidaje tana roƙon kara, damina ta riga ta cinye na kowa. Ta cire tsohon dangan bayan gida ta ƙona. Wata rana ruwan ya yi ɗumi, wata rana ko ɗumin ba ya yi. Taubashin Baba, da na zaci zai samu abin yi, ya zo barka ya tsaya a zaure, ya dubi buhunan, ya dubi Baba, ya yi addu'a ya fita bai yi wasa ko ɗaya ba. Na tabbata Baba ya fi son a ce ya yi.

Ana saura kwana biyu suna, masassara ta rufe ni. Daga baya majo ya ce ta sauro ce, wadda kowa ke yi da damina, ba ruwanta da wanka, ya ba ni ƙwayoyi na warke. Amma a safiyar ba wanda ya tsaya jiran majo. Gwaggo ta taɓa goshina, ta taɓa ƙafafuna, ta fita tsakar gida ko ɗankwali babu.

"Kai! Fito nan!"

Baba ya fito daga zaure.

"Sanyi ya shige ta. Ka ji daɗi? 'Yar mutane tana kwance tana rawar ɗari, kai kana gadin duwatsu. Jibi dangin mijinta za su cika gidan nan, su ga abin da muka yi mata. In kunya kake ji, ni ba na ji, zan tafi da ƙafata in durƙusa musu. Haba! Girman kan me? Wa ka fi?"

 Ya tsaya yana kallon labulen ɗakina, ni kuma ina kallonsa ta gefen labulen, ban sani ba ko ya gan ni. Can ya juya ya shiga ɗakinsa, ya fito da babbar riga da hula, irin shigar da yake yi in za shi ɗaurin aure. Ya ɗaura wa jaki amalanke da hannunsa. Inna ta ce ya bari a aiki wani, ya ce a'a.

Abin da ya faru a can mijina ne ya ba ni labari daga baya, don yana gidan ana shirin suna. Ya ce suna zaune sai ga Baba a kan amalanke, babbar rigar duk taɓo. Mahaifinsa ya tashi da sauri ya tare shi, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Baba bai sha ba. Ya gaisa, sannan ya ce, "Na zo ne a kan maganar itace. Abin da na dogara da shi bai yi ba. Na yi kuskure, ku yi haƙuri."

Mahaifin mijina mutumin kirki ne, kuma don ya sauƙaƙa masa ne ya faɗi abin da ya faɗa. Ya ce, "Haba, wane irin haƙuri? Ai itace yana nan yana jiranku. Tun ranar da yaron nan ya dawo da saƙonka, uwar ɗiya ta aiko a ɓoye ta ce kada a taɓa shi, a faskara a aje inda ruwa ba zai same shi ba, za a buƙace shi." Ya ja shi bayan gida ya nuna masa. Ga shi nan a ƙarƙashin rumfa, busasshe, an ɗaure shi dami-dami, an rufe da tsohuwar tabarma. Mijina ya ce Baba ya daɗe a tsaye yana kallon itacen, sannan ya tuɓe babbar rigar ya fara lodi. Da suka matso za su taya shi, ya ce su bari.

Bayan la'asar ya iso gida. Akwai hanyar da ke bi ta bayan gonaki ta ɓullo daidai ƙofarmu, amma bai bi ta ba, ya ratso ta tsakiyar gari, ta gaban masallaci inda maza ke zaune, yana bisa itacen. Ya sauke shi shi kaɗai a ƙarƙashin rumfa. Gwaggo ta kwashe gawayin da ke tsakanin duwatsun da tsohon kwano ta watsar bayan danga. Inna ta tsuguna tana jera itace a ƙarƙashin tano. Ashana ɗaya ta ƙyasta.

Yana tsaye a bayanta, hannunsa duk ƙaya ta yayyage shi.

"Ke kika aika musu?"

Ba ta ɗago ba. "Ni ce, Malam."

"Tun ba a gwada ba."

"Tun ba a gwada ba."

"To me ya hana ki sa a kawo, kina ganin halin da ake ciki?"

"Kai ka ce a bari a gaban mutane. In na sa an kawo, na ƙaryata ka ke nan. Kai za ka ce a kawo."

Itacen ya kama, yana ƙara. Baba ya tsaya yana kallon wutar. Na zaci zai yi faɗa, har na so ya yi, don na san yadda ake jure faɗansa. Sai ya ce, da wata murya ƙasa-ƙasa da ban san shi da ita ba, "Kin kyauta. Da kin yarda da ni, da yarinyar nan ta wahala." Ya ɗauki babbar rigarsa daga kan amalanke ya wuce zaure, inda sauran buhunan suke.

Kafin magariba ruwa ya tafasa har yana tsalle. Gwaggo ta kama ni ta kai bayan ɗaki, ta zaunar da ni, ta tsoma darbejiya ta fara fyaɗa mini a baya. Ina ta kuka, na kasa tsayawa. Ta ce in daure, kowace mace da haka ta fara, gobe ba zan ji zafin haka ba. Na bar ta a kan zafin ruwan ne ya sa ni kuka.